Kunnen Aro

Ni ba na sanin waƙa ta yi daɗi sai an faɗa mini. Kuma ba kowa zai faɗa in yarda ba. Sai a rubuce, sai da Turanci, sai kuma daga hannun wanda yake zaune a garin da ban taɓa takawa ba. In waƙa ta zo mini haka kawai, daga rediyon maƙwabci ko daga wayar yaron shago, sai in ƙame ina jiran umarni, kai ba ya kaɗawa, ƙafa ba ta motsi. Akwai girman kai a ciki daidai gwargwado, amma tsoro ya fi yawa: kada in ce abu ya yi, daga baya a gano ba na masu ilimi ba ne.

A Kantin Kwari nake neman abinci, ina riƙe wa yayana littafin shago, saboda haka kullum ina ganin irina. Akwai mai sayen atamfa da za ka warware mata turmi, launi ya haska, zane ya fito raɗau, amma ba za ta ce uffan ba sai ta juya bakin zanen ta duba tambari. In ta ga na Holan, sai ta ce, "Kai, wannan ya haɗu." In ba ta gani ba, sai ta taɓe baki ta ce a ɗauko wani. Shekara da shekaru ina yi wa irin waɗannan dariya a bayan kanta, alhali abin da suke yi da ido shi nake yi da kunne.

Ciwon ya samo asali ne daga Sabon Gari. Duk ɗan Fagge ya san tsakaninsa da can tafiyar ƙafa ce, kuma a ƙarshen shekarun 1980, muna samarin sakandare, tsallakawa can shi ne wayewa. Akwai wani mai sayar da kaset, mutumin Kudu, da muke kira Oga. Sifikunsa biyu a bakin ƙofa, daga safe zuwa dare Bob Marley ne, Don Williams ne, Osadebe ne, Oliver De Coque ne. Abokaina waɗannan suke saye. Ni kuwa sai na gano wani kwali can ƙarƙashin teburi, ƙura ta rufe shi, cike da kaset ɗin da ba mai tambaya: B.B. King, Muddy Waters, John Lee Hooker. Oga ya ce sunan kiɗan buluz, na baƙaƙen fatar Amurka ne, kuma sai manyan mutane suke gane shi. Yanzu na san kwalin yake so ya rabu da shi. A lokacin, maganar "manyan mutane" kaɗai na ji.

Na saya, na kai gida, na fara da karanta 'yar takardar da ke cikin kwanson. Daga nan na zarce laburaren British Council ina bin mujallu. Kafin shekara ta zagayo na san an haifi B.B. King a Misisipi a 1925, na san jitarsa ma suna gare ta, Lucille. Na san Robert Johnson waƙoƙi 29 kacal ya naɗa, a 1936 da 1937, ya mutu yana saurayi. Na san gonakin auduga, na san Shikago. Abu ɗaya ne ban taɓa tsayawa na bincika ba, wato ko kiɗan yana yi mini daɗi. Ban ga buƙatar hakan ba, tunda an riga an rubuta cewa yana da daɗi.

A gida kuwa rediyon mahaifina ba ya rabuwa da Shata, da kukumar Garba Supa, da gurmin Haruna Uji, da kuntigin Ɗan Maraya Jos. In an sa su sai in tashi in bar ɗakin, kamar wanda aka yi wa laifi. Ku duba fa: mujallun nan da nake haddacewa abin da suke yabo shi ne talaka guda ɗaya, da kayan kiɗa mai tsirkiya, yana waƙar wahalar masu ƙaramin ƙarfi. Ga Ɗan Maraya da tsirkiya ɗaya tak yana waƙar karen mota a cikin ɗakin ubana, ni kuma ina ƙofar gida ina tausayin manoman auduga na Misisipi.

Sai 1994 ta zo, Ali Farka Toure, mutumin Niyafunke ta ƙasar Mali, ya fitar da faifan Talking Timbuktu tare da Ry Cooder ɗan Amurka, a shekarar da ta biyo baya aka ba su kyautar Grammy. Masu sharhi suka yi ta kwatanta shi da John Lee Hooker, suka ce ga tushen buluz nan a bakin kogin Kwara, bayin da aka kwasa ne suka tafi da shi. Ranar da na karanta wannan ban yi barci ba. Ashe abin namu ne! Na nemo kaset ɗin da ƙyar, na kawo wa mahaifina, na zaunar da shi, na yi masa bayanin cinikin bayi tun daga farko, sannan na danna. Ya saurara har waƙa ɗaya ta ƙare. Ya ce, "Wannan ai kiɗan mutanen yamma ne, irin na Zabarmawa. Muna jin sa tun ba a haife ka ba. Nawa ka saya?" Da na faɗi kuɗin, sai ya yi salati ya mayar da Shatansa.

Mai hankali da nan ya warke. Ni abin da na ɗauka daga wannan zama shi ne tsofaffi ba su da zurfin nazari.

Wajen 2011 mutanen layinmu suka haɗa kuɗi aka ɗauki mai gadi, Ba'abzine, mutumin wajen Abalak ta jihar Tawa a Nijar. Ba baƙon abu ba ne a Fagge, unguwar da tun asalinta zango ce ta ayarin raƙuma, inda mutanensa suke sauke gishirin Bilma su ɗauki baƙin turkuɗin Kura na rawani. Ƙila ma kakanninsa sun riga nawa sanin unguwar. Dogo ne, ba ya son magana, kuma duk mai tumbi a layin Alaji yake ce masa, har da ni da ko filin jirgi ban taɓa rakiya ba. Bencinsa yana jikin tagata. Da an yi sallar isha zai fito da ɗan murhunsa na waya, ya jera gawayi, ya ɗora wata 'yar buta shuɗiya da duk ta sha hayaƙi. In shayin ya tafasa sai ya ɗaga butar sama sosai ya tsiyaya a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayawa, har kumfa ta kai rabin kofin. A gefen ƙafarsa kuma ga wayarsa, 'yar ƙarama mai madannai, an ɗaure bayanta da robar kuɗi, tana ta kuka.

Kukan shi ne damuwata. Murya ce da aka bi da ita ta na'ura har ta koma kamar ta aljani, ganga ta fiyano, sai jita tana zagayawa a tsakani. Da jin sa na ce wannan ai nanaye ne aka yi da wani yare. Ni kuwa a lokacin ina da huɗuba guda da nake yi a kan waƙoƙin finafinanmu: an kashe kalangu, an kashe kukuma, yara sun samu fiyano da kwamfuta suna kwaikwayon Indiya. Duk wanda ya zauna a majalisarmu ta teburin mai shayi ya sha wannan huɗuba.

Sai in leƙo ta taga in ce, "Malam, don Allah a rage abin nan, yara suna barci." Yaran kuwa suna falo suna kallon fim ɗin Indiya. Ya ce, "To, Alaji," ya rage.

Wani dare na dawo daga kasuwa a makare, ya miƙo mini shayi, na tsaya na karɓa don kunya. Ya nuna wayar da haɓa ya ce, "Alaji, kawo taka in tura maka. Yaron wajenmu ne, ya iya jita." Na ce, "Ayya, Malam, memorina ya cika." Ban yi ƙarya ba. Cike yake da Robert Johnson, mai ƙarar soyuwar gyaɗa a bayan kowace waƙa, wanda ban taɓa saurara daga farko har ƙarshe ba.

Shekara goma bayan haka, a watan Mayu na 2021, ina bin shafukan masu sharhin kiɗa a waya, kamar yadda na saba tun da intanet ta maye gurbin laburare, sai na ga duk sun ɗauki suna ɗaya: Mdou Moctar, daga Agadas, da faifansa Afrique Victime, wanda kamfanin Matador na birnin New York ya fitar. Pitchfork ta sa shi a sahun sababbin faifan da suka fi fice. Wasu suna kiran sa Jimi Hendrix na Sahara, wasu suna ambaton Eddie Van Halen. Ana ta ba da labarinsa: sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, bahago ne, gidansu gidan addini ne da ba a son kiɗa, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Sai da na karanta sharhi ya fi a ƙirga, na tabbatar ba wanda ya kushe, sannan na sa iyafis na danna.

Faifan yana buɗewa da carar zakara. Ni da zakaran maƙwabta yake tashi na kullum ina tsine masa, sai ga ni na lumshe ido ina jinjina hikimar wannan cara, saboda wani a Amurka ya ce tana kai mai sauraro ƙauye. Amma in cire wasa, faifan faifai ne. Waƙoƙi tara, mutum huɗu: shi da jitarsa a gaba, Ahmoudou Madassane yana riƙe masa da jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, mai jitar ƙasa kuma wanda ya haɗa aikin. Waƙar farko, Chismiten, tana tashi a hankali sai ta fara gudu, gangar tana ƙara wuta ba tare da ka lura da inda aka canza ba. Tala Tannam kuwa lallausa ce, jita marar lantarki da muryoyi suna amsa wa juna. Wadda aka sa wa faifan sunanta ta haura minti bakwai, kuma wajen ƙarshenta jitar tana barin waƙa ta koma kururuwa. Wannan duka na ji da kunnena. Abin da ba zan iya rantsuwa a kai ba shi ne ko da zan ji shi in da ba a riga an nuna mini inda zan saurara ba.

Cikin mako guda na zama masani. Na sayi sifika 'yar madaidaiciya, na riƙa zuwa da ita majalisa. Ina bayanin buluz na hamada, ina kawo Tinariwen na Mali da Grammy ɗinsu ta 2012, ina kawo Bombino, shi ma ɗan Agadas, da faifansa Nomad na 2013 da aka naɗa a Nashville. Da ƙarshen shekara ya zo, New York Times ta sa Afrique Victime cikin faifan da suka fi kyau a 2021, sannan Barack Obama ya fitar da jerin waƙoƙin da ya fi so a shekarar, ga Tala Tannam a ciki. Ranar nan na shiga majalisa kamar ni aka zaɓa. Wani abokina, tela ne, bai ɗago daga kofinsa ba ya ce, "To Malam, me yake cewa a waƙar?" Ba na jin ko kalma ɗaya ta Tamashak. Na karanto masa abin da na haddace, cewa ana maganar soyayya da zaluncin da aka yi wa Afirka. Ya ce, "Duka a waƙa ɗaya?" Na ce abin yana da zurfi.

Garin neman ƙarin abin faɗa ne na faɗa rami. Na koma baya ina karanta tarihin mutumin, sai na tarar faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi, a 2008. Ba Landan ba, ba Faris ba, Sakkwato. Ya shiga situdiyo irin ta masu waƙoƙin finafinan Hausa, aka sa masa gangar fiyano, aka bi da muryarsa ta na'urar nan da nake huɗuba a kanta. Ba kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Daga memori zuwa memori ya yi ta tafiya, ta bulutut, ta hannun direbobi da masu tura waƙa a kasuwa, har ya ƙetare Nijar ya shiga Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin Portland, yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya mai suna Tahoultine. Ya sa ta a wani kundi da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011, ya bi sawu har ya gano mai ita. Kamfaninsa, Sahel Sounds, shi ya fitar da Anar a faifan garmaho a 2014, suka kuma yi fim tare a Agadas a 2015, kwaikwayon Purple Rain na Prince. Daga nan hanya ta buɗe.

Na nemo Anar na danna. Ban kai minti ɗaya ba na gane muryar aljanin nan ta bakin tagata.

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Shi dai wannan Kirkley ya zo har Kano, ya tattara waƙoƙin finafinanmu, nanayen da nake zagi, ya fitar da su a 2013 a kundi mai suna Harafin So, Turawa suna saye suna yabawa. A daren na yi wa huɗubata kwaskwarima. Washegari a majalisa aka ji ni ina cewa nanaye wata fasaha ce ta musamman da ta haɗa Indiya da ƙasar Hausa, sai dai mutanenmu ba su san darajar abinsu ba. Telan nan ya dube ni ya daɗe, bai ce komai ba, ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Duk da haka ban haƙura ba, sai da na ɗauki sifikata na je wurin mai gadi. Har yanzu yana nan, gemu ya yi fari, butar dai ita ce. A raina na ce tsohon aikin ya sani, amma sabon, na New York, ni zan koya masa. Na zauna a bencinsa, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Malam, saurari wani abu." Yana fifita gawayi da guntun kwali, bai ɗago ba. Jitar tana shigowa ya ce, "Mdou ne."

"Ka san shi?"

"Alaji, ba shi na ce in tura maka ba, ka ce memori ya cika?"

Na ce shekaru sun ja, ban tuna ba. Ya bar ni da wannan. Ya saurari waƙa biyu, ya zuba mini shayi, sannan ya yi sharhin da ban taɓa karanta irinsa ba. Ya ce yaron ya iya, ba a musu, a gidajen biki ya koyi sa mutane rawa, kuma hannunsa yana da sauri. Amma wannan faifan, in ji shi, an yi shi ne da kunnen Annasara a zuciya, ihun jitar ya yi yawa, har yana danne magana, alhali su a wurinsu maganar ce gaba. Ya ce in ina son in ji jita, in nemi Abdallah. Yana nufin Abdallah ag Oumbadougou, wanda shi Mdou ɗin ma a wurinsa ya ga jita ya yi sha'awa, wanda aka hana kaset ɗinsa a Nijar lokacin tawayen Abzinawa na shekarun 1990, kafin sulhun 1995, ya kuma rasu a 2020. Ya ce a lokacin a cikin buhun gero suke ɓoye kaset ɗin. Ya ɗauko wayarsa, wata sabuwa amma ita ma da robarta, ya sa mini. Jita ce a natse, ba gaggawa, murya tana tafe kamar mai ba da labari.

Na koma ɗaki da ra'ayi biyu a hannu, na New York da na bakin taga, ban san wanda zan bi ba. Sai na lissafa: na New York kowa zai iya karantawa, na bakin taga kuwa ni kaɗai nake da shi. Washegari na isa majalisa na ajiye sifika, na yi ajiyar zuciya, na ce, "Gaskiya na sake nazarin faifan nan. Yaron ya iya, amma an yi shi ne da kunnen Turawa a zuciya. Ihun jitar yana danne magana. Wanda yake son asalin abin, sai ya koma wa Abdallah." Aka yi tsit. Wani ya ce a ina na samo wannan. Na ce, "Ai mu da muke kusa da abin, akwai abin da muke ji wanda su ba za su ji ba." Ko sunan mai gadin ban ambata ba. Wato da na tashi barin aron kunne daga Amurka, sai na koma sata a ƙofar gida.

Ba na ganin laifin masu sharhin can. Sun saurara, sun ji daɗi, sun rubuta, kuma rubutunsu ya kai mutumin manyan dandamalin duniya. Sai dai kowa da ma'aunin da ke hannunsa yake awo. Wanda ya tashi da Hendrix, in ya ji jita tana kuka Hendrix zai tuna, ba zai tuna tende ko takamba ba, kiɗan da aka yi wa wannan jitar reno da su. Yawancinsu kuma, kamar ni, fassarar da kamfani ya raba suke dogara da ita. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne maganar da faifan yake yi ta fi kusa da ni fiye da su. Tun 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, aka yi shekaru ana kai wa Faransa tana kunna fitilu, ita kuwa Nijar a lokacin mafi yawan wutarta daga Nijeriya take saye. Mutanen Agadas da Damagaram da Maraɗi kullum suna shagonmu, suna faɗin wannan da bakinsu, da Hausa, suna jiran a ɗaure musu kaya. Ban taɓa jin abin ya zama magana ba sai da na gan shi a sharhin faifai.

Mu ma muna da masu nazari, ba a ce babu ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi rubutu mai yawa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana bin kiɗan zamani da finafinai, dukansu sun koyar a Jami'ar Bayero, nan kusa da mu. Amma sharhin da yake raya mawaƙi ko ya kashe shi a garin nan ba a takarda yake ba. Yana wurin yaron da ke tura waƙa a waya, wanda ya san wadda aka fi tambaya. Yana wurin direban adaidaita sahu da ya maimaita waƙa ɗaya daga Bata har Kurna. Yana kuma filin biki, inda mace za ta ji amshi ya taɓa ta, ta miƙe a gaban kowa ta yi liƙi, ba ta tambayi ra'ayin kowa ba, kuma da kuɗinta. Ni a rayuwata ban taɓa zama na farkon fita liƙi ba. Sai na ga wani mai babbar riga ya fita, sannan in bi bayansa da 'yan canjina.

Na yi yunƙurin magani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta, ciniki ya faɗi a Kwari har littafin da nake riƙewa ya koma rabin shafi a yini. Mdou da abokansa suna Amurka a lokacin, suka maƙale a can, sai da masoya suka yi musu karo-karo. Da aka ce sabon faifansu, Funeral for Justice, zai fito a watan Mayu na 2024, na ɗaura niyya: wannan karon zan saurara tukuna, in yanke hukunci da kaina, kafin in karanta ko layi ɗaya. Na gaya wa mai ɗakina don ta zama shaida. Ranar da ya fito na shiga ɗaki, na kife wayar a kan katifa, na rufe ido. Kiɗan ya taso da ƙarfi, ya fi na baya zafi. Zuciyata ta fara tambaya: wannan ci gaba ne ko ɓata ne? Ƙarfin hali ne ko hayaniya? Gumi ya keto mini. Waƙar farko ba ta ƙare ba na ji hannuna ya juya wayar da kansa. Mai ɗakina ta shigo da tire ta same ni ina karatu. Ta ce, "Malam, har an gama sauraron?" Na ce ina duba sunayen waƙoƙin ne. Ta ce, "To, me suka ce? Ya yi daɗi?" Na ce sun ce ya yi. Ta ce, "Alhamdu lillahi, sai ka ci abinci."

Yanzu ga inda abin ya kai ni. Ɗan ƙanwata ya sayi jita ta hannu a Sabon Gari, wani saurayi da ke kaɗa wa coci a can yana koya masa a ranakun da ba ibada. Ya tara kuɗi ya shiga situdiyo, ya yi waƙa da Hausa a kan 'yan adaidaita sahu da kuɗin balas da suke kai wa masu keke kowace yamma. Ya turo mini ta WhatsApp, ya biyo da kira. "Kawu, kai ne masanin kiɗa a gidan nan. Don Allah ka ji, ka gaya mini gaskiya."

Na ji. A tsakiyar waƙar na lura ƙafata tana motsi, na yi maza na take ta da ɗayar. Na rubuta sunan yaron a intanet, ba abin da ya fito sai hotonsa na kammala sakandare. Na fita neman mai gadi, aka ce ya tafi gida ganin iyali, sai bayan damina. Yaron ya sake kira, na ce akwai abubuwan dubawa a ciki, aikin nazari ba a yi masa gaggawa. Ya kira na uku, na ce ina ganin abin da ya fi shi ne ya aika wa mutumin nan na Portland, in ya amsa a sanar da ni.

Da daddare uwarsa ta kira. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, yaron nan fa ba biza ya tambaye ka ba. Cewa ya yi ta yi daɗi ko ba ta yi ba?"

Na ce mata layin ba ya da kyau, zan kira ta gobe.